Zangarniya: yadda hatsi ke cika ƙwayarsa daga iska da hasken rana

Mafi yawan nauyin kowane buhun gero, ko dawa, ko alkama da ake saukewa a kasuwar Shuwarin da ke kusa da Dutse, daga iska ya samo asali. Ƙasa tana ba shuka ruwa da sinadaran taki, amma sitacin da ke zama tuwo da fura, shuka ce ke ƙera shi da kanta, ta hanyar amfani da hasken rana.

An daɗe da sanin cewa ganye ne ke wannan aiki. To sai dai binciken masana ya ƙara fito da wani abu fili, wato ita ma zangarniya, muddin tana koriya, tana haɗa abinci, kuma idan zafi ko ƙishirwa suka kashe ganye, da ita ƙwaya ke dogara.

Wannan batu ya shafi manoman tsakiyar jihar Jigawa kai tsaye, musamman masu noman alkama da rani, waɗanda amfaninsu ke cika ƙwaya a daidai lokacin da hunturu ke ban kwana, zafin bazara kuma ke ƙaratowa.

Yadda shuka ke haɗa abinci

Masana kimiyya suna kiran wannan aiki da suna fotosintesis, ma'ana haɗa abu ta hanyar haske.

Abubuwa uku shuka ke buƙata: ruwa da saiwa ke jawowa daga ƙasa, da iskar kabon dayoksaid da ke cikin sararin samaniya, da kuma hasken rana.

Wani koren sinadari mai suna kulorofil shi ke kama hasken. Da ƙarfin hasken ne shuka ke raba ruwa, ta saki iskar oksijin wadda mutane da dabbobi ke shaƙa, sannan ta haɗa abin da ya rage da kabon ta samar da sukari. Daga wannan sukari ake gina kara, da saiwa, da ganye, da ƙwaya.

Iskar kabon ba ta da yawa, domin kimanin kashi 0.04 cikin 100 ce kawai ta iskar da ke kewaye da duniya. Tana shiga shuka ne ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya iya gani, waɗanda ke buɗewa suna rufewa. Matsalar ita ce, duk lokacin da ƙofar ta buɗe domin kabon ya shiga, ruwa yana fita ta nan. Idan ƙasa ta bushe, shuka takan rufe ƙofofin don kada ta mutu, kuma da ta rufe su haɗa abinci ya tsaya.

An ɗauki ƙarnuka kafin a gane wannan tsari. A ƙarni na 17, wani masani mai suna Jan van Helmont, ɗan yankin da a yau ake kira Beljiyam, ya dasa ɗan itace a tukunya, ya yi ta ba shi ruwa har shekara 5. Itacen ya ƙaru da kimanin kilo 74, alhali ƙasar tukunyar ba ta ragu da fiye da giram 60 ba. Ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace.

A 1779 Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan, ya nuna cewa sai da haske koren ɓangaren shuka ke sakin iska mai kyau. A 1804 Theodore de Saussure na Suwizalan ya tabbatar cewa nauyin shuka yana fitowa ne daga iskar kabon da ruwa. Shi kuwa Melvin Calvin na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, ya bi diddigin matakan da kabon ke bi har ya zama sukari, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961.

Hatsin zafi da hatsin sanyi

Ba dukkan hatsi ne ke kama kabon ta hanya ɗaya ba, kuma wannan bambanci shi ke bayyana dalilin da ya sa a Jigawa ake shuka gero da damina, alkama kuwa sai da hunturu.

Alkama, da shinkafa, da sha'ir suna cikin rukunin da masana ke kira C3. A cikinsu wani sinadari mai suna rubisko shi ke cafko kabon kai tsaye. Sai dai rubisko yana da rauni guda: yakan yi kuskure ya kama oksijin a maimakon kabon, sai shuka ta ɓata ƙarfi wajen gyara kuskuren. A yanayi mai matsakaicin ɗumi, wannan kan ci kimanin kashi 1 cikin 4 na abin da shukar ta haɗa, kuma asarar tana ƙaruwa yayin da zafi ya ƙaru.

Gero, da dawa, da masara, da rake suna rukunin C4. Su suna da wata dabara ta tattara kabon su tura shi cikin wasu ƙwayoyin halitta da ke can cikin ganye, inda yake taruwa da yawa a kewayen rubisko, ta yadda kuskuren kan zama ƙalilan. Masu bincike biyu a Ostireliya, Hal Hatch da Roger Slack, su suka bayyana matakan wannan hanya a 1966, bayan wani aiki da aka fara a kan rake a tsibirin Hawai.

Saboda haka shukar C4 ba ta buƙatar buɗe ƙofofinta sosai, kuma takan haɗa abinci da kusan rabin ruwan da shukar C3 za ta sha. Kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na nau'o'in tsirran duniya ke da wannan baiwa, amma a cikinsu ake samun hatsin da Ƙasar Hausa ta dogara da shi tun kaka da kakanni.

Gero yana bunƙasa a jigawa mai rairayi da zafin rana. Alkama kuwa baƙuwa ce daga ƙasashe masu sanyi, wadda 'yan watannin hunturu ne kawai ke karɓar baƙuncinta.

Hanyoyi uku da ƙwaya ke samun abinci

Da zarar hatsi ya fitar da kai, ya yi bununi, ƙwaya ta ɗauru, sai rayuwar shukar gaba ɗaya ta koma kan abu guda, wato cika wannan ƙwaya.

A makonni biyun farko, ƙwayar tana gina ɗakunan ajiya ne a cikinta. Yawan ɗakunan da ta gina a lokacin shi ke iyakance girman da za ta iya kaiwa. Daga nan sai sukari ya riƙa kwarara, ana mayar da shi sitaci. Wannan ne lokacin da idan aka matse ƙwaya take fitar da farin ruwa kamar madara, kafin ta yi kauri, sannan ta yi tauri. Zaƙin da ake ji a tumu ko a ɗanyar masara, sukari ne da bai gama zama sitaci ba. A ƙwayar alkama da ta nuna, sitaci yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100.

Sukarin yana zuwa ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce ganyayen sama, musamman ganye na ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya, wanda masana ke kira ganyen tuta.

Ta biyu ita ce ajiyar da shuka ta yi a cikin kara tun kafin ta fitar da kai. Duk wanda ya taɓa shan takanda ya ɗanɗana irin wannan ajiya. Idan wuya ta yi wuya, shuka takan kwashe ta zuwa ƙwaya.

Ta uku ita ce zangarniyar kanta. A alkama, kowace ƙwaya tana lulluɓe da ɓawo wanda daga baya yake bushewa ya zama ƙaiƙayi. Kafin ya bushe kore ne, yana da kulorofil, yana da ƙofofin iska. Haka ma dogon gashin nan mai kaifi da ke tsirowa a kan zangarniyar, har da fatar ƙwayar kanta lokacin da take ɗanya. Dukkansu suna haɗa abinci.

Abin da zangarniya ta fi ganye da shi

Da farko dai, a saman gona take. Babu abin da ke yi mata inuwa, ita ce ma ke yi wa ganye.

Na biyu, ita ce autar sassan shuka, don haka takan daɗe tana koriya bayan ganye ya fara yin rawaya. Shi kuwa yin rawayar ganye yana da dalili. Ƙwaya tana buƙatar sinadarin naitirojin domin gina furotin, kuma mafi yawan naitirojin ɗin ƙwayar alkama daga ganye da kara ake kwaso shi. Ke nan shuka tana rushe ganyenta ne da kanta tana ciyar da 'ya'yanta. A daidai lokacin da ƙwaya ke tsakiyar buƙatar sukari, ƙarfin ganye yana raguwa.

Na uku, zangarniya ta fi jure ƙishirwa. Ɓawonta da gashinta suna da tauri, kuma gwaje-gwaje a kan alkama da sha'ir sun nuna cewa takan riƙe ruwan jikinta ta ci gaba da aiki bayan ganyen tuta ya yi yaushi.

Na huɗu, tana kusa da ƙwaya. Abin da ganye ya haɗa ana rabawa da kara da saiwa, amma kusan duk abin da zangarniya ta haɗa ƙwaya yake tafiya.

Na biyar shi ne wanda ya fi jan hankalin masana. Ƙwayar da ke girma tana numfashi kamar kowace halitta mai rai, wato tana ƙona wani ɓangare na sukarin da aka kawo mata, tana fitar da iskar kabon. Da a ce tana buɗe, da wannan kabon ya tafi a banza. Amma da yake koren ɓawo da koriyar fata sun kewaye ta, sukan sake kama shi su mayar da shi sukari. Wasu gwaje-gwajen sun nuna cewa fiye da rabin kabon da ƙwaya ta fitar ake sake kamawa ta haka.

Amfanin wannan a ƙasa mai ƙarancin ruwa a fili yake: kabon da aka kama daga ciki ba ya buƙatar a buɗe ƙofa ga busasshiyar iskar waje, saboda haka ruwan da ake asara kaɗan ne.

Nawa ne rabon zangarniya?

A nan ne masana suka sha bamban, domin auna abin yana da wuya.

Wasu sukan rufe zangarniya da takardar da haske ba ya ratsawa, su kwatanta nauyin ƙwayarta da na wadda ba a rufe ba. Wasu sukan yanke gashin, ko su cire ganye. Wasu sukan shafa maganin da ke hana haɗa abinci a sashe guda. Akwai kuma masu bin sawun kabon ta hanyar nau'o'insa masu nauyi daban-daban, waɗanda na'ura ke iya bambancewa.

Kowace hanya tana da aibinta. Rufe zangarniya yana sauya zafinta. Cire ganye kuwa yakan sa sauran sassa su ƙara ƙwazo don cike giɓi, ko shuka ta ƙara kwasar ajiyar kara.

Don haka alƙaluman da aka wallafa a kan alkama da sha'ir suka faro daga kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwaya har zuwa fiye da rabi, gwargwadon iri, da yanayi, da hanyar awo. Abin da akasarin binciken ya yi ittifaƙi a kai shi ne, rabon zangarniya yana ƙaruwa a duk lokacin da ganye ya shiga matsala, ko ta fari, ko ta zafi, ko ta cutar tsatsa mai cinye ganyen alkama. Masu bincike a Jami'ar Basalona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin jagorancin Jose Luis Araus, suna daga cikin waɗanda suka daɗe a kan wannan fanni.

Akwai taƙaddama kuma a kan gashin zangarniya. A ƙasashe masu zafi da fari, kusan duk alkamar da ake nomawa mai gashi ce, yayin da a Ingila mai yawan ruwa akasarin irin ba shi da gashi. Wani bincike na masana daga Ostireliya da aka wallafa a 2016 ya gano cewa gashi yana ƙara girman ƙwaya, amma yana rage yawanta a kowace zangarniya, ta yadda jimillar amfanin ba ta cika bambanta ba. Duk da haka, babbar ƙwaya mai cika ta fi daraja a wurin masu niƙa.

A wannan shekarar ce kuma wasu masana na Jami'ar Kwinsland, cikinsu har da Robert Henry, suka ba da sanarwar cewa sun ga alamun hanyar C4 a cikin fatar ƙwayar alkama. Wasu masanan, Florian Busch da Graham Farquhar, suka mayar da martani cewa hujjar ba ta isa ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, koriyar fatar tana sake kama kabon.

Alkama a kwarin Haɗejiya

Noman alkama ba sabon abu ba ne a Ƙasar Hausa. An daɗe ana yin sa a ƙananan fadamu, kuma alkaki, da funkaso, da taliya, da gurasa shaida ne a kan haka. Amma ya faɗaɗa ne bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, waɗanda ke sarrafa ruwan da ke bi ta kogin Haɗejiya.

A Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991 da Dutse a matsayin babban birninta, ana noman rani a fadamun Ringim, da Taura, da Jahun, da Miga, da Kafin Hausa, da Auyo, har zuwa Haɗejiya, wasu da ruwan magudanai, wasu da rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa.

Najeriya tana shigo da fiye da tan miliyan 4 na alkama daga waje kowace shekara. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da ita a 1987 domin ƙarfafa noman gida, amma aka ɗage haramcin bayan 'yan shekaru. Wani ƙiyasi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar na shekarar 2021 ya nuna cewa abin da aka noma a cikin gida bai wuce kimanin tan 37,000 ba, kuma jihohin Kano da Jigawa ne kan gaba. A watan Nuwamba na 2023, a yankin Haɗejiya gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama na rani.

Babban abin da ke iyakance amfanin alkama a wannan yanki shi ne gajartar lokacin sanyi. A watannin Disamba da Janairu dare yakan yi sanyi sosai, rana kuma ba ta cika tsananta ba. Daga watan Maris zuwa Afrilu kuwa, zafin rana yakan kusanci digiri 40 a ma'aunin Selshiyas.

Alkama ta fi cika ƙwaya a yanayin da bai wuce digiri 20 da ɗan kai ba. Idan zafi ya haura digiri 30, sinadarin da ke mayar da sukari sitaci a cikin ƙwaya yakan raunana, ganye ya bushe da wuri, kwanakin cika ƙwaya su ragu. Sakamakon shi ne motsattsiyar ƙwaya marar nauyi, wadda ke cika mudu amma ba ta ba da gari.

Lissafin a sauƙaƙe yake. Irin da ake shukawa a arewacin Najeriya yakan fitar da kai bayan kimanin wata biyu, ya nuna a cikin wata uku ko fiye da haka kaɗan. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba, alkamarsa za ta fitar da kai a tsakiyar Janairu, ta cika ƙwaya kafin sanyi ya wuce. Wanda ya kai ƙarshen Disamba, tasa za ta fitar da kai a ƙarshen Fabrairu, ta cika ƙwaya a cikin zafin Maris. Shi ya sa malaman gona ke nanata cewa a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba.

Sau da yawa ba da son ran manomi ake makara ba. Shinkafar damina takan daɗe a gona, ambaliya irin ta 2022 takan bar fadama cikin ruwa, iri da taki kuma sukan iso a makare. A irin wannan gona ce aikin zangarniya ke zama abin dogaro, domin ganye zai mutu tun ƙwaya ba ta cika ba.

Haka nan batun ban ruwa na ƙarshe. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya ƙaru ƙwarai, kuma manomin da ya ga ganye ya fara rawaya yana iya ɗauka cewa aiki ya ƙare. Alhali muddin zangarniya da wuyan karan da ke ɗauke da ita suna kore, ƙwaya tana ci gaba da ƙara nauyi, kuma ruwan da aka hana ta a lokacin asara ce da za ta bayyana a buhu. Sai sun koma launin ƙasa-ƙasa, ƙwaya ta yi tauri, sannan ruwa ba shi da sauran amfani.

Gero, dawa, shinkafa da masara

A gonakin damina na Dutse, da Kiyawa, da Birnin Kudu, gero da dawa ne suka fi yawa, kuma su ma kansu yakan fito kore.

Wani bincike da aka yi a kan dawa a Ostireliya a 1971 ya ƙiyasta cewa zangarniya tana ba da kusan kashi 1 cikin 5 na nauyin ƙwaya, ganyaye huɗu na sama kuma suna ba da mafi yawan sauran. Wannan yana da muhimmanci ga masu figar ganyen dawa domin dabbobi. Ganyen ƙasa da ya riga ya tsufa, cire shi ba ya cutarwa sosai. Wanda ya kai hannu ga ganyayen sama kafin ƙwaya ta yi tauri kuwa, hatsinsa yake ba dabba.

Dawar gargajiya irin su kaura da farfara tana da wata ɗabi'a da masu bincike a Samaru ta Zariya suka bayyana tun a shekarun 1960. Tsawon yini ne ke gaya mata lokacin fitar da kai, shi ya sa take yin haka a daidai ƙarshen damina. Ke nan tana cika ƙwaya ne da ɗanshin da ya rage a ƙasa, a busasshiyar iskar da ke hana ƙwaya yin fumfuna. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, sai ta koma ga ajiyar kara da koren kanta. Wannan ne ya sa masu inganta iri ke neman dawar da ke daɗewa da koren ganye har ƙwaya ta nuna.

Gero yana cika ƙwaya cikin kimanin mako uku, kuma ƙwayarsa a buɗe take, ba ta da rufi irin na alkama. Babbar barazana ga zangarniyarsa ita ce tsutsar da ke huda ta, da tsuntsaye jan-baki. Geron da ke da gashi a kai yakan samu ɗan kariya daga tsuntsu.

Ita kuwa shinkafa, kanta yakan sunkuya ƙarƙashin ganye yayin da yake yin nauyi, don haka ganyayen sama ne ke ɗaukar mafi yawan aikin. Lokacin da ta fi rauni shi ne ranakun fure: idan zafi ya haura digiri 35 a sa'ar, ƙwaya da yawa ba sa ɗaurewa, sai a girbe ɓawo babu komai a ciki. Masu shinkafar rani da furenta ke faɗowa a watan Afrilu sun san wannan asara.

Masara ta bambanta da sauran, domin goyonta yana tsakiyar kara, a lulluɓe, cikin inuwa. Koren ɓawon goyon yana ɗan taimakawa, amma ganyen da ke jikin goyon da waɗanda ke samansa su ke ciyar da ƙwaya. Sare kan masara domin dabbobi tun ƙwaya tana ɗanya yana rage amfani.

Inda bincike ya dosa

A shekarun 1960, Norman Borlaug da abokan aikinsa a Meziko suka samar da gajeriyar alkama wadda ke kai mafi yawan abincinta ga ƙwaya maimakon kara. Rabon ƙwaya a nauyin shuka ya tashi daga kimanin kashi 1 cikin 3 zuwa kusan rabi, kuma Borlaug ya samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970.

Wannan hanya ta kusa kaiwa iyakarta, domin idan kara ya ƙara raguwa ba zai iya ɗaukar zangarniya ba. Don haka hankalin masana ya koma ga ƙara yawan abincin da shuka ke haɗawa tun asali.

A 2020, masu bincike na cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, CIMMYT, da ke Meziko, wato Gemma Molero da Matthew Reynolds, suka ba da rahoton cewa ire-iren alkama sun bambanta wajen ƙwazon zangarniyarsu, kuma wannan ƙwazo bai dogara da na ganyen tuta ba. Ma'ana, ana iya zaɓen iri mai ƙwazon zangarniya a haɗa shi da mai ƙwazon ganye. A can Filifins kuma, tun 2008 aka fara wani shiri na ƙoƙarin sanya hanyar C4 a cikin shinkafa.

Sauyin yanayi ya ƙara wa aikin gaggawa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 1 a zafin duniya zai rage amfanin alkama da kimanin kashi 6 cikin 100, na masara da fiye da kashi 7, na shinkafa da kimanin kashi 3, matuƙar ba a sauya iri da hanyoyin noma ba.

A Najeriya, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin inganta alkama da gero, kuma ta fitar da ire-iren alkama masu jure zafi irin su Norman da Reyna-28, tare da haɗin gwiwar cibiyoyin duniya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana kula da dawa da masara, ta Badeggi a jihar Neja kuma da shinkafa. A cikin Jigawa akwai hukumar raya aikin gona ta jiha, JARDA, mai kai wa manoma shawarwari, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, wadda ke da tsangayar aikin gona.

Kafin sabon iri ya iso, abin da ke hannun manomi shi ne lokaci da ruwa: ya shuka alkama da wuri don ta cika ƙwaya cikin sanyi, ya bar ganyayen sama na dawa da masara har ƙwaya ta yi tauri, kuma kada ya janye ban ruwa sai koren zangarniya ya gushe.